Ƙwaryar Kaka A Bangon Ɗakina

Salamu alaikum, mutanena na cikin waya. Haula ce, malamar lakkwal ɗin nan ta Tawa wadda magana ba ta kwana a cikinta. Wanda bai san ni ba ya matso, tarihina ba shi da tsawo. Uwata ta rasu ina goye. Ubana ya tafi Abijan bida tun ban yi wayo ba, sai ranar Salla nake jin muryarsa. Kakata ta wajen uwa ce ta raine ni a wani ɗan ƙauye bayan Barmu, har Kawu Ma'azu ya ɗauko ni ya sa ni lakkwal, wato makarantar boko, a Tawa. Bara aka mai da Kawu Yamai da aiki, ya kwashe iyalinsa, ya zuba 'yan haya a gidan, ya bar mini ɗaki ɗaya can ƙurya. Bana da bazara Kaka ta rasu.

Saura Ɗahiru. Iyayensa sun riga sun gaisa da Kawu, ana jiran a kawar da amfanin gona a sa mana rana. Shi ne yau nake neman rasawa, kuma a kan ƙwarya. Ku yi dariya in kuna so, ni ma da wata ce ta ba ni labarin da na yi.

Ku da kuke gida mai hayaniya kuna ƙorafin yara sun hana ku barcin rana, ku gode wa Allah. Ni tun da aka rufe lakkwal don hutun damina, sai in wuni ban buɗe baki ba in ba salla zan yi ba. 'Yan hayar Kawu mutanen kirki ne, amma kirkin nesa. Matar ɗan duwan da ke ɗakin gaba, wato ma'aikacin kwastan, in na ce ina kwana ta ce lafiya lau, ta saki labule. Ƙanwar uwata, Inna Raƙiya, tana wata unguwa tana fama da gwiwa, sai dai waya. Ɗakin nawa kuwa shuɗin fenti ne irin na asibiti, da gadon ƙarfe da fanka mai kuka. In na yi tari bango ne yake amsa mini.

Da muka je ƙauye rabon kayan Kaka, mata suka yi wa zannuwa da kwanuka rubdugu, maza suka tsaya kan awaki. Ni abin da aka tara gefe za a zubar ne ya ja ni: faya-fayai, akushi, ludayi, tabarmar kaba, da wani tulu mai tsagaggen baki. Ina cikin tsince-tsince ni kaɗai a ɗakin, na leƙa wata tsohuwar randa bayan gado. Can ƙasa, ƙarƙashin tsummoki, na ga abu nannaɗe cikin saƙi mai baƙi da fari. Ƙwarya ce babba, hayaƙi da shekaru sun mai da ita launin dabino, an jera mata farin wuri a baki. Gefe ɗaya ta taɓa tsagewa an ɗinke, kuma ina ganin ɗinkin na san hannun. Haka Kaka take ɗinke mini rigar lakkwal in na zo hutu, ƙanana-ƙanana a karkace. Na kai ta hanci. Wallahi Kaka ce, hayaƙinta da man shanunta. Ban tambayi kowa ba, na cusa ta cikin buhu.

Da na dawo Tawa sai na sami aikin yi. Na kwaɓa jar ƙasa da makuba na shafe bango ɗaya da hannuna, yadda Kaka take yi wa ɗakinta gabanin Salla. Na jera faya-fayan, manya a tsakiya, ƙanana na kewaye da su. Na cire labulen leshi na rataya asabari. Tulun nan na ajiye shi a kusurwa na cusa masa zangarniyar hatsin bara. Duwatsun ƙasarmu ta Adar ɗin nan baƙaƙe masu ja-ja, waɗanda muke tuntuɓe da su muna tsaki, na wanke su na jera a gindin bango. Akushi na cika shi da goriba, na sayo matasan fata biyu wajen wata Buzuwa a kasuwa, na samo busasshen reshen kalgo ina rataya gyale. Ran da na gama aka yi yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi daga bangon. Na zauna tsakiyar tabarma na yi kuka, irin kukan da in ka gama kake jin yunwa.

Ƙwaryar ce kaɗai ta rage, don ƙarƙashin jar ƙasar siminti ne, ƙusa ta ƙi shiga. Na ɗauki hoton ɗakin na tura wa Ɗahiru. Ku tuna, mutumin nan karo, wato tayil na daɓen ɗaki, da fenti yake sayarwa a babbar kasuwa, iyayensa 'yan kasuwar Maradi ne da suka zauna nan Tawa, gidansu har bayi karo ne.

Ya rubuto: "Innalillahi! Ni mai saida karo, matata na shahe ɗaki da laka. In abokaina sun ka gani na shiga uku."

Na ce: "To ka auri karon."

Ya ce: "Karo ba shi dama hura. Gobe ina tahe da guduma."

Ya kuwa zo, cikin farar shadda, wai daga ɗaurin aure yake. Matar ɗan duwan ta tsaya bakin ƙofa tana mana gadi da fuska a ɗaure kamar mijinta ya ba ta aron aikin. Ɗahiru ya hau kujera, ƙusa a baki, jar ƙasa na zubo masa a kafaɗa.

"Nan, ko nan?" ya tambaye ni.

"Bisa kaɗan. Saitin gado, in na buɗe ido in gan ta."

Ya kafa ƙusar, ya rataya ƙwaryar da 'yar igiyar fatar da ke bakinta, ya baza saƙin a ƙarƙashinta ya gyara masa zama. Ya sauko ya ja da baya yana kallo, ya daɗe.

"Wagga kam ta hi duk kayan shagona kyawo," ya ce. "Amma in kin hwaɗa ma wani, ni ban ce ba."

Ranar na kwana da murmushi. Ina faɗa muku ne don ku san shi ma da hannunsa a ciki.

Sai masassara ta kwantar da ni. Damina ce, sauron Tawa kuwa ba ya duba ko ke malama ce. Na je likita aka auna jinina aka ba ni magani, na dawo na kwanta. Ban gaya wa kowa ba sai Ɗahiru, shi kuma da bakinsa ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Zuwaira. Washegari da hantsi ina kwance, kai ba ɗankwali, na ji sallamar babbar mace a tsakar gida. Uwar miji ta tako da ƙafarta dubiyar yarinyar da ba a ko ɗaura ba! Kun san wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Na zabura na ja hijabi, jiri na ɗibata.

Ta shigo da kwanon kunu da ledar lemu, hijabinta ruwan toka har ƙasa, turarenta ya cika ɗakin.

"Kwanta, ɗiyata, kwanta. Ina jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya. Sannu da zuwa."

Ta zauna kan matashin fata tana dube-dube, har da ɗan murmushi. Ta taɓa tabarmar, ta ce rabonta da ganin irin wannan saƙar tun tana yarinya. Ta ce ɗakin da sanyi. Zuciyata ta yi fari, na ce a raina, Kaka, kin ci. Na lallaɓa na ɗebo mata ruwa a randa. Ina miƙa mata moɗar ta ɗaga kai saitin gadona.

Murmushin ya tafi. Na ga leɓɓanta na motsi, na ji a'uzu billahi can ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, ƙwaryag ga ta wa ta?"

"Ta kakata ta, Hajiya. Bayan rasuwatta niɗ ɗauko."

"Da saƙin?"

"Da shi nis same ta."

"Kuma bayan kin rataya ta ciwon ga yak kama ki?"

"Masassara ta, Hajiya, likita ya auna..."

Ta ajiye moɗar ƙasa, ko kurɓa ba ta yi ba. Ta miƙe, ta tattare hijabinta kada ya taɓa tabarmar da ta gama yabo. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta fita. Ni dai ina tsaye riƙe da bango, ban san me na yi ba.

Ranar Ɗahiru bai kira ba. Na tura masa: "Hajiya ta iso gida lahiya?" Ya karanta, shiru. Na tura: "Na sha kunun, ka yi mani godiya." Ya karanta, shiru. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai yana kallon shuɗayen alamomin nan biyu na an karanta saƙo ba, bai san wani abu ba a duniya. Na kife wayar, na ɗaga, na kife. Kunun ma ƙarya na yi, yana nan ya yi sanyi a kwano.

Washegari kabu-kabu ya sauke Inna Raƙiya a ƙofar gida. Inna da ko suna ba ta zuwa saboda gwiwa! Ta shigo tana dafa bango tana nishi, ba sallama, idonta na kan ƙwaryar. Ta dafe ƙirji ta zube kan tabarma.

"La ilaha illallahu. Ashe ba ta ƙone ta ba."

"Inna, mi na na? Wa zai ƙone mi?"

"Haula, kin kashe mu. Duk kayan da ag garin nan, ki rasa abin ado sai wagga? Ke da karatunki ba ki san ƙwaryar bori ba?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. A zaune a nan Inna ta ba ni labarin da duk dangi suka haɗa baki suka ɓoye mini. Kaka, kakar da na sani da carbi a hannu, wadda ta koya mini Fatiha, wadda take yayyafa mini ruwa a fuska in na ƙi tashi asuba, 'yar bori ce a ƙuruciyarta. Wajen uwarta ta gada. A cikin ƙwaryar nan ake zuba wa iska nono, saƙin kuma shi ake yafawa ranar wasa. Ta tuba tun kafin a haife ni. Kawu Ma'azu ne ya tsaya mata a kai sai ta ƙone kayan, ta ce masa ta ƙone, kowa ya yarda. Shi ya sa ma ya ɗauke ni daga ƙauyen da wuri, don kada in ji a bakin mutane.

"Kuma tsohhi na cewa," in ji Inna, "wadda duk taɗ ɗauki ƙwaryar, ciwo yak kama ta, ita an ka zaɓa. Hajiya ta ishe ki kwance ƙarƙashinta kina rawar ɗari. Mi kika so ta ce?"

"Inna, sauro na! Ga maganin nan!"

"Tahi ki hwaɗa ma Hajiya sauro na."

Na rantse muku ban san komai ba a kan bori in ban da abin da kowa yake ji a bakin mutane. Sallata biyar ba ta wuce ni. Ni ado na gani, na ga kakata.

Inna ta ce Hajiya ta kira ta da kanta. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa muni. Cewa ta yi ita ba ta zargin kowa, amma ba za ta kai jikokinta inda ba ta sani ba. In ana son magana ta ci gaba, a ƙone ƙwaryar da saƙin a gaban idon ɗanta. In ba haka ba, kowa ya riƙe nasa cikin mutunci.

"Ki ƙone ta tun Ma'azu bai ji ba," Inna ta ce, ta kamo hannuna. Muryarta ta yi laushi, kuma nan ne ta fi yi mini ciwo. "Ɗiyata, dibi zamanki. Ba uwa, uba shina wata ƙasa, ni gwiwa ta ci ni. Ke ɗai cikin ɗaki kina magana da duwatsu. Allah ya kawo maki mai sonki, za ki bar shi don ɓawon duma?"

Gaskiya ta faɗa.

Bayan ta tafi na hau kujera na sauko da ƙwaryar. Inda take, jar ƙasar ta fi duhu, ta bar da'ira a bango, ƙusar Ɗahiru na tsakiya. Na zauna na ɗora ta a cinya ina shafa ɗinkin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Kaka ba ta ƙarya. Ko goro ta ce babu, to babu. Amma ta dubi idon ɗanta ta ce ta ƙone, ta koma ta tura abin nan ƙasan randa, ba ta zuba masa nono ba, ba ta nuna wa kowa ba, ta yi ta sallarta har ta mutu. Me ya hana ta? Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Na dai san ƙwaryar uwarta ce. Ni kuwa ko ɗankwali ɗaya na uwata ban taɓa riƙewa ba, na san yadda mutum yake ji in abu ɗaya tak ya rage masa.

Da azahar wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Ɗahiru, gajere, muryarsa a dishe.

"Haula, in an yi la'asar ina tahe. Mu gama da abin ga, don Allah. Ni ke nika so."

Na saurara har na haddace. Sannan na tashi na yi wanka, na sa atamfata mai ganyen kuka wadda ya ce tana mini kyau, na ɗaura ɗankwali, na sa kwalli don kada ya ga idona ya kumbura. Na share bayan ɗakina wajen gindin bedi. Na tara karan hatsi, na ɗora ƙwaryar a kai, na lulluɓe ta da saƙin. Na shimfiɗa tabarma gefe. Duk na yi wannan da hannuna, ba wanda ya tilasta ni, kuma na yi niyya har zuciya.

Ana idar da la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa. Ya shigo ba shadda, ba tsokana, riga ce kawai ta shago da ƙurar siminti. Yana riƙe da 'yar kwalbar fetur. Ya ajiye makullin babur a kan tabarma, bai zauna ba. Matar ɗan duwan ta ɗaga labule, ta ga fuskokinmu, ta saki.

"Ina jiki?" ya ce.

"Na warke."

"Haula, kin san ni ban yarda da komi ba cikin zancen ga. Amma uwata ta. Tun jiya ba ta ci abinci ba."

"Na sani. Ban ga laihinta ba."

"Ƙwarya ta kawai."

"In ƙwarya ta kawai, don mi za a ƙone ta?"

Ya dubi ƙasa. Na ji tausayinsa, wallahi, don shi ma tsakiya aka sa shi. Na ɗauko ashana na miƙa masa.

"Kai kak kahwa ƙusar," na ce. "Kai za ka kyasta."

Ya karɓa. Ya tsuguna ya buɗe kwalbar, ya yayyafa fetur a kan karan, warin ya tashi ya danne ƙamshin Kaka. Na tsuguna kusa da shi, kafaɗarmu ta kusa haɗuwa, ba mu taɓa zama kusa haka ba. Ya kyasta ta farko ta karye. Ya kyasta ta biyu ta kama. Ya kare ta da tafin hannu yana kai ta wajen karan a hankali, iska ta ɗaga gefen saƙin, na hango ɗinkin nan ƙanana-ƙanana a karkace.

Jama'a, ban yi shawara da kaina ba. Na dai ji bakina ya hura, wutar ta mutu.

Ɗan hayaƙi ya tashi tsakaninmu. Ɗahiru ya juyo ya dube ni, tsinken ashanar na hannunsa. Ba fushi na gani a idonsa ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Haula," ya ce, "kin san abin da kin ka yi?"

"Na sani."

Na jawo ƙwaryar daga kan karan na rungume, fetur na jiƙa mini atamfa. Sai wayarsa ta fara ƙara cikin aljihu. Ya ciro, na ga sunan da idona: Hajiyata. Ta yi ta ƙara yana kallonta, yana kallona. Ya miƙe tsaye, ya kai ta kunne, ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya," ya juya ya nufi zaure, muryarsa na raguwa har na daina ji.

Yanzu haka da nake rubuto muku ina zaune gindin bedin, ƙwaryar na cinyata, rana ta fara yin ja. Ban ji tashin babur ba, ban kuma ji takunsa na dawowa ba. Makullinsa dai yana nan kan tabarma inda ya ajiye shi, shi nake kallo.